DAGA HANNUN MARYAM ZUWA ƊIGON FURE: TARIHIN KORAR TSORON NAƘUDA A BAUCHI



Ƙaramin abu ne ya jawo wannan rubutu. A watannin baya 'yar ƙanena ta dawo gida goyon ciki, cikin fari, kuma tun da watanta ya kama barci ya ƙaurace mata. Wata rana da la'asar ta miƙo mini waya ta ce, "Goggo, dubi wannan, an ce ɗigo huɗu a harshe yana cire fargabar naƙuda." Hoton wata 'yar kwalba ce mai ruwan ɗorawa, an rubuta Rescue Remedy a jiki, mai tallar kuma ta ce daga Ingila ake kawo ta, ruwan furanni ne zalla. Na yi murmushi, domin a ƙasan wata tsohuwar kwalla da na gada daga kakata akwai wani busasshen tsiro a dunƙule kamar hannun jariri, wanda aka riƙa kwantar wa mata da hankali da shi a unguwarmu tun ba a haifi uwar yarinyar ba. To, daga nan na ga ya kamata a bi sawun abin tun daga tushe.

Tun da Malam Yakubu ya kafa garin nan a farkon ƙarni na 19 aka zagaye shi da ganuwa, har Turawa suka shigo a 1902, har bayan nan da shekaru masu yawa, haihuwa sha'anin cikin gida ce. Ko a Jahun kike, ko Nasarawa, ko Wunti, ko bakin Ƙofar Ran, tsarin kusan ɗaya ne. Mace ta durƙusa a ɗaki, shi ya sa har gobe muke cewa wance tana kan gwiwa. Babu wanda ya raina haɗarin da ke ciki. Tsofaffi kan ce mai naƙuda ƙafarta ɗaya a duniya, ɗaya a lahira, kuma ba don ado suke faɗa ba, kowace a cikinsu ta san gidan da aka shiga barka aka ɓuge da ta'aziyya.

Abin da ya bambanta mu da wasu ƙasashe shi ne yadda aka ɗora wa mace nauyin ɓoye tsoron nan. Kunya ce ke mulki, musamman a haihuwar fari. Yarinya ba ta faɗa cewa tana da ciki, ba ta tambayar yadda abin yake, kuma in ciwo ya taso ba ta buɗe baki. Wadda ta yi kuka ta yi raki, raki kuwa abin gori ne da zai bi ta har ɗan ya girma, balle in da kishiya a tsakar gida tana kasa kunne. Sai ta ciji bakin zane, ta riƙe ƙafar gado, wata ma sai an ji kukan jariri sannan a san abin da ake ciki. Ungozoma ta asali, a gidaje da yawa, bayan ɗa ya faɗo ake aika mata. Aikinta yanke cibiya, binne mabiyiya, wankan jariri da gasa jikin mai jego. Ba a kiranta tun da fari sai in abu ya cije.

Ba a Bauchi kaɗai ba. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya nuna yadda kunyar ɗan fari ta yi ƙarfi a rayuwar matan Hausa. Likitan nan na Amurka, Lewis Wall, wanda ya zauna a ƙasar Malumfashi yana nazarin maganin Hausawa, ya lissafa wannan kunya cikin dalilan da ke sa a makara wajen neman taimako. Ni dai ban taɓa yarda cewa iyayenmu ba sa jin tsoro ba. Suna ji sarai. Hanyar faɗa ce aka toshe musu, sai tsoron ya nemi wata ƙofa, ya bi ta ƙwarya da tasa da allo.

Mu fara da allo. Da zarar ciki ya tsufa, maigida ko uban yarinya ya je wurin malam a yi rubutu. A wanke a ƙwarya, mai ciki ta sha, ta shafa sauran a ciki. Abin yana da tsohon asali, domin Ibnul Ƙayyim ya ruwaito a littafinsa Zadul Ma'ad cewa Imam Ahmad ɗan Hambali yakan rubuta wa macen da haihuwa ta yi wa wuya addu'a da ayoyi a cikin tsaftataccen mazubi, a wanke ta sha. Malamai sun yi saɓani a kan rubutun sha, wannan ba fagensa ba ne. Amma duk macen da ta taɓa shan sa a cikin dare tana rawar jiki ta san abin da yake yi wa zuciya: ta ji cewa a wajen ɗakin nan akwai wanda ya san halin da take ciki. Sannan ga ƙissar Nana Maryam a surar da ke ɗauke da sunanta, inda naƙuda ta kai ta gindin dabino, tsanani ya sa har ta yi burin da ma ta mutu kafin ranar, aka lallashe ta, aka ba ta ruwa da ɗanyen dabino. Kakata takan ce wa 'yan mata, in Nana Maryam ta furta abin da ta furta, wace ce ke da za ki ji kunyar nishi? A zamaninta wannan magana ce mai nauyi.

Bayan allo sai saiwa da ganye. Akwai maganin zaƙi, jiƙe-jiƙe masu ɗaci da ake ba mai ciki a watannin ƙarshe, bisa imanin cewa zaƙi na taruwa ya tare hanya. Akwai masu yauƙi, irin su karkashi da dargaza da kuɓewa, da tunanin santsinsu zai sa ɗa ya sulluɓo. Wani likita ɗan ƙasar Sikotland mai suna J. M. Dalziel, da ya yi aiki a Arewa, ya tattara sunayen itatuwanmu a littafin A Hausa Botanical Vocabulary a 1916, ya kuma bi shi da wani babba a kan amfaninsu a 1937. Af, ga wani abin lura: ganyen maina da muke ganin kamar tun kaka da kakanni da shi ake wankan jego, baƙo ne. Asalin bishiyar Indiya, kuma sai a 1928 aka fara dasa ta a Borno. Kafin nan runhu da sabara da 'yan uwansu ne a tukunyar wanka. Al'ada ma tana karɓar baƙo in ya zo da amfani.

Yanzu ga wanda ya fi ɗaukar hankalina, wato tsiron cikin kwalla.

Larabawa suna kiransa kaffu Maryam, ma'ana tafin hannun Maryam, masana tsirrai kuma suna ce masa Anastatica hierochuntica. Ɗan ƙaramin tsiro ne na hamada, dangin kabeji, yana fitowa a Sahara da ƙasashen Larabawa. In ruwa ya sauka ya tsiro da sauri, ya yi 'yan furanni farare, ya yi iri, sannan ya mutu. Da ya bushe sai rassansa su lanƙwasho ciki su dunƙule a kan irin, su yi ta tsaronsa shekara da shekaru. Ranar da ruwa ya taɓa shi, rassan su sha, su kumbura, su buɗe kamar mutum ya ware yatsu, ɗigon ruwan sama ya watsa irin. Ba rayuwa ya sake yi ba, busasshen itace ne ke amsa laima, in ya bushe ya sake rufewa. Akwai wani mai kama da shi daga hamadar Meziko da ake sayarwa da suna iri ɗaya, wanda yake komawa kore in an jiƙa, amma ba danginsu ɗaya ba.

Ta hanyar Hajji ya iso mana. Alhazan dauri na ƙasar nan da ƙafa da jaki da raƙumi suka tafi, daga baya da manyan motoci, su bi ta Borno, su ƙetare Chadi, su ratsa Sudan har bakin Bahar Maliya a Sawakin ko Port Sudan, sannan jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar kan ci shekaru, wasu ma can suka zauna, zuriyarsu na Sudan har yau. Wanda Allah ya dawo da shi ba ya iya ɗauko kaya mai nauyi, sai ɗan zamzam, da tasbaha, da abin da ba ya ruɓewa. Hannun Maryam ya dace da wannan tafiya, ba nauyi, ba lalacewa. Da aka fara jigilar alhazai ta sama daga Kano a shekarun 1950, mata suka yawaita a tafiyar, tsiron ya zama tsarabar da Hajiya ke kawo wa gida mai 'yan mata. Kakata a shekarun 1970 ta sauke farali ta zo da nata, kuma guda ɗayan nan ya zagaya gidajen da ban san adadinsu ba. Aro ake zuwa, a mayar da shi da ɗan goro.

Ga yadda na ga tana yi ina yarinya. In ciwo ya kankama sai ta zuba ruwa a farar tasa, ta sa tsiron, ta ajiye inda mai naƙuda za ta gani. Ta zauna kusa da ita ta ce, "'Yar nan, zuba masa ido. Yadda yake buɗewa haka Allah zai buɗe miki." Buɗewar ba ta gaggawa ba ce, a hankali take zuwa. Duk tsawon lokacin nan yarinya tana da abin kallo ban da ciwonta, tsohuwa kuma ta sami hujjar zama a ɗakin da kunya ta ce kowa ya fita. Tana shafa mata baya, tana goge mata gumi, tana ba ta labarin wance da wance da suka sauka lafiya a gaban tasar nan. Sai da na girma na gane cewa rabin aikin tsiron shi ne ya ba kakata izinin zama.

Wasu kan ba da ruwan a sha, kuma a nan ne nake ja da baya. Matan Indunusiya da Maleshiya ma suna kawo shi daga Makka, suna danganta shi da Nana Faɗima, kuma likitocin Indunusiya sun daɗe suna gargaɗi a kan shan ruwansa, saboda ba wanda ya san ƙarfin abin da ya jiƙu a ciki. Mahaifar da aka matsa wa kafin bakinta ya buɗe tana iya galabaitar da jariri, tana iya fashewa.

To ita kuma kwalbar Ingila fa? Mai ita wani likita ne, Edward Bach, an haife shi a 1886 kusa da Birmingham. Ya yi aiki a Landan a fannin ƙwayoyin cuta, sannan ya karkata ga ra'ayin cewa tushen ciwo yana cikin halin zuciya: tsoro, gaggawa, yanke ƙauna. A 1930 ya rufe ɗakin duba marasa lafiyarsa ya shiga karkarar Wales da Ingila yana neman furanni. Ba gwaji ya yi a kan marasa lafiya yadda ake gwada magani ba, abin da ya ji a ransa in ya kusanci fure shi ya bi. Kafin rasuwarsa a watan Nuwamba 1936 ya haɗa guda 38, kowanne da halin da ya ce yana gyarawa. Wadda 'yata ta gani haɗin furanni 5 ce, don lokacin firgita.

Yadda ake yin sa zai ba ku mamaki saboda kamarsa da tasar kakata. A tsinko furanni a ɗora a kan ruwan marmaro a cikin kwanon gilashi, a bar su a rana kamar awa 3, wasu kuma a tafasa. A tsame furannin, a haɗa ruwan da barasa mai ƙarfi don kada ya lalace, sannan a tsarma shi ƙwarai, har ya zama kusan babu komai na furen a ciki. Masu yin sa ma ba su ce sinadarin fure ne ke aiki ba, cewa suke wani ƙarfi na furen ne ya shiga ruwan. Ku lura da maganar barasar nan, domin mai talla ba ta faɗa ba: kwalbar da aka fi sani kashi 27 cikin 100 na abin da ke cikinta barasa ce, ko da yake ana yin wasu da babu. Abin ya bazu a duniya, har ƙasar Barazil ta shigar da shi cikin jerin magungunan taimako na asibitocin gwamnati a 2018. Sai dai da Farfesa Edzard Ernst na Jami'ar Exeter ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a kai, a 2002 da kuma 2010, sakamakon ya nuna wanda aka ɗiga wa na gaske da wanda aka ɗiga wa ruwan banza mai kama da shi sauƙi iri ɗaya suke samu. Ma'ana sauƙin na nan, amma ba daga furen ya fito ba.

Shi kuwa tsoron gaskiya ne, kuma yana da aiki a jiki. A Ingilar dai, a zamanin Bach, wani likita Grantly Dick-Read ya fitar da littafi a 1933 yana cewa tsoro na sa jiki ya ɗaure, ɗaurewa ta ƙara ciwo, ciwo ya ƙara tsoro. Daga baya aka fahimci cewa sinadarin da jiki ke saki in an firgita yana iya rage ƙarfin naƙuda ya ja ta. Turawa sun bi ta hanyar kashe ciwon, tun daga 1847 da James Simpson ya fara shaƙa wa masu haihuwa kulorofom a Edinburgh, Sarauniya Victoria ma ta shaƙa a haihuwarta ta 1853. Amma binciken da ya fi burge ni ba na magani ba ne. A 1980 aka buga sakamakon wani gwaji daga wani asibiti a ƙasar Guatemala. An raba masu haihuwar fari gida biyu: wasu aka bar su yadda aka saba, su kaɗai, wasu aka zaunar musu da wata mace, ba nas ba, ba 'yar uwa ba, aikinta ta riƙe hannu, ta shafa baya, ta yi magana mai daɗi. Waɗanda ke da abokiyar zama sun sauka cikin kusan awa 9, waɗancan kuwa sun kai 19. An maimaita irinsa a ƙasashe da dama, har da Asibitin Koyarwa na Ibadan a 2009. A 2017 aka haɗa gwaji 26 da ya ƙunshi mata fiye da 15,000, aka ga zama da mai naƙuda yana rage tsawonta da yawan tiyata. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin shawarwarinta: a bar kowace mace ta zaɓi wanda zai zauna da ita. Da na karanta wannan, kakata na tuna, da farar tasarta.

Kada wani ya ɗauka ina kiran a koma ɗaka. Zamanin da nake ba da labari ya ci mata da yawa. Tasa ba ta gyara ɗan da ya zo a gicciye, rubutu ba ya faɗaɗa ƙugun yarinyar da ba ta gama girma ba, kuma yankan gishiri da aka riƙa yi da aska in haihuwa ta cije ya bar wasu da yoyon fitsari har ƙarshen rayuwa. Farfesa Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 a Zariya daga 1976 zuwa 1979, aka buga a 1985, kuma abin da ya fito fili shi ne mace-macen sun taru ne a kan matan da ba su taɓa zuwa awo ba, aka kawo su bayan an kwana ana fama. Aikinsa na cikin abin da ya farkar da duniya kafin taron Nairobi na 1987 a kan ceton masu haihuwa. Cibiyar masu yoyon fitsari da ke Ningi shaida ce cewa matsalar ba ta zama tarihi ba tukuna. Jijjiga, zubar jini, ciwon kai mai tsanani da kumburi, naƙudar da ta wuce yini ko ta kwana, waɗannan ba tsoro ba ne da za a lallasa, hanya ake nema zuwa asibiti.

An samu canji, ba a musu. An ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976, asibitoci da makarantun ungozoma suka ƙaru, tsohon Asibitin Ƙwararru ya zama Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a 2010. Daga 2009 zuwa 2015 shirin TSHIP ya yi aiki a Bauchi da Sakkwato, ya kai ƙwayar tsayar da jini bayan haihuwa da maganin shafa wa cibiya har cikin gidaje. A ƙaramar hukumar Toro an gwada bin masu ciki gida-gida, mata su zanta da matan, maza su zanta da mazajensu, kuma sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna raguwar matsalolin ciki da haihuwa. Duk da haka ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 39 cikin 100 ne kacal na haihuwa a Najeriya ake yi a asibiti, Arewa kuma ƙasa da haka. In ka tambayi matan unguwa dalili, bayan kuɗi da nisa, za ka ji abu guda yana dawowa: a can ba a barin kowa naka ya shiga, kuma in kika yi nishi a daka miki tsawa. Ni kaina haihuwata ta biyu a wani asibiti na yi ta, tsakar dare, uwata na zaune a waje kan benci tana jin muryata, ni ina ciki ina kallon silin. Na sauka lafiya, na gode musu. Amma kaɗaicin daren nan ya fi ciwon zama a raina, kuma na lura tsohuwar kunya ce ta sauya kaya ta biyo mu har gadon asibiti.

'Yar ƙanena ba ta sayi kwalbar ba. Kuɗin ya tafi a awo da gwajin jini da tanadin motar dare. Abin da muka yi shi ne, tun kafin lokaci na bi ta awo sau biyu, muka roƙi babbar malamar ɗakin haihuwa ta bar mutum ɗaya ya shiga da ita, ta ce in ɗakin bai cika ba za ta duba. Muka zaunar da yarinyar ni da uwarta muka faɗa mata komai dalla-dalla, abin da mu ba a faɗa mana ba, har da cewa in ta ji kuka ta yi abinta. Ranar da abin ya zo da asuba, ɗakin bai cika ba, uwarta ce ta shiga. Ni aka bari a gida da yara, hankalina ya ƙi kwanciya, sai na buɗe kwalla na ɗauko hannun Maryam na sa a ruwa. Yaran suka kewaye tasa suna mamaki, ƙaramarsu tana tambaya ko yana da rai. Ba wanda ya sha ruwan. Yana cikin buɗewa waya ta yi ƙara, aka ce mace ce, uwa da 'ya lafiya. Na zubar da ruwan a gindin maina, na shanya shi a kan taga, bayan kwana biyu ya dunƙule na mayar da shi inda kakata ta bar shi.